Baba na ƙwarewa da ruwa tun da ɓarin jikinsa ya shanye, Gwaggo kuma ta ce da yunwa zan kashe shi

Maman Ilham, Zariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai tura ta kai bango.

Mahaifinmu shekararsa 71, tsohon ma'aikacin reluwe ne, yana fama da hawan jini tun kafin ya yi ritaya. Sati 5 da suka wuce ya faɗi a banɗaki da asuba, ɓarinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Abin da ke fita daga bakinsa yanzu sai "eh" da "a'a", wani lokaci kuma sunan Ummanmu, Allah Ya jiƙanta. Kwanansa 16 a asibiti. A can ta tiyon hanci ake ba shi abinci, ya fizge shi sau biyu da hannun hagu. A na ukun Yaya ya ce a ƙyale shi, tunda ya fara karɓar koko a cokali. Da aka sallame mu na taho da shi gidana, don ni ce kusa. Yaya yana Fatakwal wurin aiki, ƙanwata kuma jego take yi.

Koko mai kauri yana wucewa, da ƙyar dai. Ruwa ne tashin hankalin. Kurɓa ɗaya sai tari ya turnuƙe shi, ido ya yi ja, hawaye na zuba, in ya lafa kuma muryarsa ta koma kamar ta mai kurkure baki. Da dare ina jin ƙirjinsa yana kur-kur kamar tukunya ta fara tafasa. Shekaranjiya jikinsa ya yi zafi, na daka farasitamol na ba shi a koko, ya sauka, jiya da yamma ya dawo. Numfashin ma ya ƙara sauri, ko juya shi na yi don in canza zanen gado sai ya yi ta haki.

Baba mutum ne da bai taɓa fita aiki bai sha shayi ba, tun muna yara da ƙarar cokalinsa a kofi muke tashi. Yanzu in maigidana yana karyawa sai na ja labule, don Baba zai kafe kofin da ido. Randa ma haka yake kallonta. Wallahi nakan shiga kicin in yi kukana in fito.

Ga kuma Gwaggo, yayarsa. Kullum tana zuwa da rubutu a gora da ɗan zamzam. Sai ta tallabo kansa, ta ɗaga haɓarsa sama, ta ɗura masa. In ya ƙware ta ce ciwon ne ke fita. Da na yi magana jiya ta ce boko ya cire min tausayi, da yunwa da ƙishirwa zan kashe mata ƙane, ta nuna min wuyan rigarsa yadda ya yi masa yawa. Kuma gaskiyarta ce, ya rame.

Don Allah wanda ya taɓa irin wannan jinya ya faɗa min, me zan riƙa ba shi, ta yaya zai sha ruwa? In mayar da tiyon ne? Yaya ya ce tiyo azaba ce, kuma wai wanda aka sa wa tiyo ba ya tashi. Ga azumi saura wata guda, na san halin Baba, zai ƙi buɗe baki da rana.

Abu Hanif

Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne. Sannu da jinya Hajiya. Ki riƙa ba shi zuma da man habbatus-sauda cokali ɗaya safe da yamma, yana buɗe maƙogwaro in sha Allah. Haka muka yi wa kakanmu da yake tari.

Nas mai ritaya, Kano

Maman Ilham, sannu. Kafin maganar abinci, ki ji wannan: zazzaɓi da ke tafiya yana dawowa, ga saurin numfashi, ga kur-kur a ƙirji, a jikin mutumin da ke ƙwarewa kullum, mu a wurinmu nimoniya ce har sai likita ya duba ya ce ba ita ba ce. Ki mayar da shi asibiti yau, kada ki jira ranar da aka rubuta muku a kati. Kafin ku fita ki sa agogo a gabanki ki ƙirga sau nawa ƙirjinsa ke ɗagawa a minti ɗaya. Babban mutum da ke kwance yana hutawa tsakanin 12 da 20 yake yi. In kin ƙirga 25 ko sama da haka, ko leɓensa ya canza launi, ko barci ya yi masa nauyin da ba kya iya tashinsa, sashen gaggawa za ku nufa kai tsaye. Farasitamol zafin kawai yake rufewa, ciwon na nan yana ci.

Abin da ke faruwa shi ne, a maƙogwaro hanya biyu ce, ta iska a gaba, ta abinci a bayanta. Duk lokacin da muka haɗiye, maƙogwaro yana ɗagawa, wani ɗan murfi ya rufe hanyar iska, numfashi ya tsaya na ɗan lokaci, abinci ya wuce. Ki ɗora yatsa a maƙogwaronki ki haɗiyi yawu, za ki ji ɗagawar. Ƙwaƙwalwa ce ke tsara wannan aiki, to ita ce ta samu rauni a wurin Baba, murfin yana makara. Ruwa kuma gudu gare shi, kafin a rufe ƙofa ya riga ya gangara huhu. Shi ya sa kike ganin koko na wucewa ruwa na sarƙe shi, abin da mutane ke ɗauka ya fi sauƙin haɗiya shi ya fi haɗari. Kusan rabin waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye suna samun wannan matsala a farko, da yawansu kuma haɗiyar tana dawowa cikin makonni. Wasu tana daɗewa.

Tarin da yake yi ma rahama ce, jiki ne ke korar abin da ya ɓata hanya. Wanda muka fi tsoro shi ne wanda ruwa ke sauka huhunsa shiru, ko uhum bai yi ba, sai dai a ga zazzaɓi.

Maganar ɗaga haɓa sama a ɗura, don Allah a daina daga yau. In aka ɗaga kai haka hanyar iska ce ke wangamewa, haka muke yi wa wanda ya suma in muna so iska ta shiga. Malam Abu Hanif, na san alheri ka nufa, amma mai, kowane iri ne, na habbatus-sauda ko na zaitun, in ya sulale cikin huhu ba ya tayar da tari sosai kuma huhu ba ya iya fitar da shi, ciwo na daban yake haifarwa. A shafa masa a jiki, kada a ba shi a baki yanzu.

Idan likitoci sun duba sun yarda ya ci gaba da ci ta baki, ga yadda na saba koya wa masu jinya. A zaunar da shi sosai kamar mai zama a kujera, a tokare bayansa da ɓarin da ya mutu da filo, kai a miƙe ko a ɗan sunkuye, ba a kishingiɗe ba. Ke ma ki zauna, kada ki tsaya a kansa, in kina tsaye dole ya ɗaga kai ya kalle ki. Cokalin shayi za ki yi amfani da shi, ki sa ta ɓangaren hagu mai lafiya, ki jira ki ga maƙogwaron ya ɗaga ya sauka kafin na gaba. Ki ce ya ce "aaa". In muryar ta fito a jiƙe, akwai saura a maƙogwaro, ya sake haɗiya ko ya yi tari. A kashe rediyo, 'yan dubiya su jira a waje, kada a tambaye shi ya jiki da abinci a bakinsa. In yana gyangyaɗi a fasa. In an gama ki leƙa kuncinsa na dama, nan abinci ke maƙalewa bai sani ba, sai ya kwanta ya gangara. Sannan ya zauna aƙalla minti 30 kafin a kwantar da shi.

Abinci kuma ya zama sumul, kauri ɗaya daga sama har ƙasa, wanda zai zauna a cokali amma in kin karkata shi ya zame ya faɗi. Kunun gyaɗa da aka tace, faten wake da aka markaɗa aka tace, dankali ko kabewa da aka dafa aka murƙushe da romo, ayaba cikakkiya, ƙwai da kifi a markaɗe cikin miya. Koko zalla ba ya riƙe mutum, shi ya sa yake ramewa, ki riƙa sa madarar gari ko garin waken suya. Ki guji duk abin da ya haɗa ruwa da gudaji: fura mai gaya, gari da aka jiƙa, lemu da kankana da ke fashewa da ruwa a baki. Haka shinkafa, dambu, biredi, gyaɗa, da tuwo mai danƙo.

Wani abu da ba a cika faɗa wa mutane ba: yawu yana tsinka koko. In kina mayar da cokalin da ya shiga bakinsa cikin kwano, kafin ku kai rabi kokon ya zama ruwa. Ki riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan a ƙaramin kofi, sauran a rufe.

Wanke baki kuwa, ki ɗauke shi kamar magani. Ƙwayoyin cutar da ke kawo nimoniyar nan daga baki suke tafiya, cikin yawun da yake ƙwarewa da shi da dare. Burushi mai laushi, man goge baki ɗan kaɗan, safe da dare da bayan kowane ci, har harshe da dasashi, kansa a sunkuye, ki goge da tsumma mai tsabta maimakon kurkura.

Sai magungunan hawan jini. Kada ki daka kowace ƙwaya sai kin nuna wa mai ba da magani a asibiti. Akwai waɗanda aka yi su don su narke a hankali cikin yini, irin nifedifin mai dogon aiki, za ki ga an rubuta SR ko XL ko Retard a kwali. In aka daka su ƙarfin yini guda ne zai shiga jiki lokaci ɗaya, jini ya faɗi.

Tiyo kuma, ki gaya wa Yayanku na ga mutane da yawa da aka sa wa suka tashi aka cire. Waɗanda ba su tashi ba ciwon ne ya yi tsanani, ko an makara da sa shi har yunwa ta cinye su. Babu daɗi, gaskiya ne, musamman lokacin sawa. Kuma ba ya hana ƙwarewa da yawu. Amma ta nan ruwa da abinci da magani za su isa ciki yadda ya kamata, shi kuma ya samu ƙarfin yin gashi da koyon haɗiya. In har ya wuce kamar wata guda haɗiyar ba ta dawo ba, akwai wanda ake sawa kai tsaye ta fatar ciki, yana ɓoye a ƙarƙashin riga, ki tambayi likitansa. Ki kuma tambaya ko suna da masu koyar da magana da haɗiya. Ba su da yawa a ƙasar nan, an fi samunsu a asibitocin koyarwa.

Autan Hajiya, Gusau

Yaya Maman Ilham, sannu da ƙoƙari. Duk abin da Nas ta faɗa haka ne, ni ta ɓangaren numfashi zan ƙara, don wata 14 na yi ina jinyar Hajiyarmu kafin Allah Ya karɓi abarSa.

Ki sayi ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa yana nuna yawan iskar oksijin a jini, ana samunsa a manyan kemis. Mai lafiya 95 zuwa sama yake nunawa. Mu likita ya ce mana in ya sauka ƙasa da 92 ya zauna a nan mu kira shi, in ya kai ƙasa da 90 mu taho. Amma kada ki ba shi amana duka. In yatsa ya yi sanyi, kamar yanzu da ake hunturu, shirme yake nunawa, sai kin murza hannun ya yi ɗumi. Kuma a baƙar fata irin tamu yakan nuna lamba sama da gaskiya. In ya ce 95 amma kina ganin mutum na jan numfashi da kafaɗa, idonki za ki bi.

In aka ce sai da oksijin a gida, iri biyu ne. Akwai tukunya da ake cikowa, akwai inji da ke tace iskar ɗaki. Injin ba ya ƙarewa amma da wuta yake aiki, kin kuwa san halin wuta. Mu ranar da aka ɗauke ƙarfe biyun dare janareto ya ƙi tashi, ban taɓa ganin tashin hankali irin na daren nan ba. Washegari na nemo ƙaramar tukunya na ajiye a bayan ƙofa, ba a taɓa ta sai irin wannan. Janareton kuma a can nesa da taga, hayaƙinsa kisa yake yi ba a ji ba. Kada a kusanto da gawayi, risho, kyandir ko sigari inda oksijin yake, kada kuma a shafa masa basilin a hanci in yana kan iska. Lambar da likita ya saita a bar ta, ba a ƙarawa don an ga yana haki.

Abin da ya fi ba ni wahala da 'yan'uwa mata shi ne turaren wuta. Ɗakin mara lafiya yakan yi wari, kowa ya zo sai ya ce a sa turare, Hajiya kuwa da an sa sai ƙirjinta ya toshe. Haka maganin sauro na hayaƙi. Gidan sauro muka koma. Da hazo kuma a rufe tagar da iska ke bugowa, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara yana ciki.

Kada ya kwana a miƙe samɓal. Mu bulo biyu muka sa a ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai, muka ƙara filo. Ana juya shi duk awa 2, ki riƙa duba ƙugu da duwawu da dunduniya, in kin ga wuri ya yi duhu ko ya yi zafi, gyambon kwanciya ne ke sallama.

Ke kuma awa nawa kike barci? Ban ga kin ambaci mai karɓarki ba. Ni sai da na faɗi a masallaci sannan yayyena suka yarda aka raba kwana. Wanda ke Fatakwal in ba zai iya zuwa ba ya biya wanda zai riƙa kwana da Baba ko sau uku a sati. Ba da shawara ta waya ba wuya, shi ya sa ya ce kada a sa tiyo, ba shi ke jin tarin ƙarfe uku ba.

Almajiri, Sakkwato

Malama, Allah Ya saka miki. Ni ba likita ba ne, maganar Gwaggo da azumi zan taɓa.

Kada ki yi jayayya da ita a kan rubutu, ba za ki ci ba, kuma ba shi ne matsalar ba, hanyar ba shi ce. Tsohuwa tana ganin ƙanenta na narkewa, hannunta ba abin da zai iya sai wannan gorar. In kika ƙwace gorar ba ki ba ta wani aikin ba, za ta ɗura masa ranar da kika fita. Ki tuna mata cewa a ciwon ajalin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, Nana A'isha tana karanta masa Falaƙi da Nasi ta tofa, ta shafe masa jiki da hannunsa mai albarka. Kuma ita ce ta tauna asuwaki ta tausasa masa ya goge baki. Duka suna cikin Bukhari. To ga aiki biyu, tofi da goge baki, ga shi Nas ta ce gogewar magani ce. Zamzam kuma a shafa masa a fuska da leɓe, in an sa tiyo a tambayi likita a zuba ta nan.

Azumi ba ya kansa a wannan hali, aya ta 184 da 185 cikin Baƙara sun yi wa mara lafiya rangwame. In ya warke ya rama, in ya tabbata ba zai iya ba sai a ciyar. Amma ba ke za ki faɗa masa ba, ki nemo limamin da yake jin nauyinsa ya zo ya faɗa masa a kunne. Salla kuwa ku riƙa tuna masa lokaci, a yi masa taimama in ruwa zai wahalar da shi. Hadisin Imrana ɗan Husaini ya ce a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe.

Maman Ilham, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Ku yi haƙuri kwana 4 shiru, muna asibiti. A daren da na karanta amsar Nas na ƙirga numfashin, 28 na samu, maigidana ya nemo mota muka tafi. Hoton ƙirji ya nuna nimoniya a huhun dama. Yana kan allurai da oksijin, an mayar da tiyon, sun ce kada komai ya bi ta baki sai an sake gwada haɗiyar. Na haɗa Yaya da likitan a waya, ban san me ya faɗa masa ba, ya dai turo kuɗi kuma ya ce yana hanya ranar Juma'a. Zazzaɓin bai dawo ba tun jiya. Sun koya min duba alamar da ke jikin tiyon a bakin hanci kafin kowane abinci, in ta matsa ko yana tari in tsaya in kira su, da wanke tiyon da ruwa kafin da bayan an zuba. Hannun hagun mun sa masa safa don kada ya fizge, yana harararmu.

Malam Almajiri, na bi shawararka amma ta bakin maigidana, don Gwaggo ta fi jin maganarsa. Ba ta ce komai ba. Washegari sai ga ta da sabon asuwaki ta daddaƙe bakinsa da dutse, ta ce in matsa. Har yanzu ba ta amsa gaisuwata sosai, gorar ma tana nan cikin jakarta, ina ganin murfin.

Nas, tambaya ɗaya. Yau da safe mai shayi ya wuce ta bakin taga, Baba ya bi shi da ido har ya ɓace. In na tsoma auduga a shayi na matse sosai na goga masa a harshe, don ɗanɗanon kawai, akwai laifi?

Nas mai ritaya, Kano

Alhamdu lillahi da kuka tafi a daren. Ki tambayi nas ɗin da ke ɗakin tukuna, su ke ganinsa, ni ba na ganinsa. In sun yarda, ki fara wanke masa baki, ya zauna a miƙe, ki naɗe bandeji mai tsabta a yatsa maimakon auduga don ita tana barin zare, ki matse har ba ya ɗiga. Ba madara. Kuma ki yi lokacin da Gwaggo ba ta nan, kada ta ga an buɗe ƙofa.